Makin da kuka ba gem, na wace rana ne? Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Maraɗi zuwa ga masu yi mana sharhi da Hausa

Assalamu alaikum.

Ƙannena masu sharhin gem da Hausa a YouTube da TikTok da Facebook, na nan Nijar da na ƙetaren Jibiya, barkanku da aiki. Kada ku ji haushi don na ce muku ƙanne. Lokacin da na fara ɗora PlayStation 2 bisa tebur a wata rumfa a nan Maraɗi, ina karɓar dala-dala a hannun 'yan lakwal, da yawanku ana goye da ku. Har yau ban bar sana'ar ba. Tele huɗu gare ni yanzu, da benci biyu, da wani tsohon grup da sai an lallashe shi yake tashi idan kuran ya ɗauke. Ina kallon bidiyoyinku, yaran shagona ma suna kallo, kuma ina jin daɗi da aka wayi gari ana yi wa Bahaushe bayanin gem da harshensa, ba sai ya yi ta kokawa da Faransanci ko Turanci ba. Don haka ba faɗa ya kawo ni ba. Ƙorafi ne na mai saye, wanda maganar bakinku ke taɓa aljihunsa.

Abu biyu suka zaunar da ni rubutu.

Na farko ya faru da wani yaro ɗan kabu-kabu da ke zama fadarmu bayan isha'i. Ya zo mini da salularsa yana ta zumuɗi, ya nuna mini bidiyon wani daga cikinku yana yabon wani gem na harbi. Ya ba shi tara bisa goma, ya ce ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa sumul. Yaron nan ya cire daga abin da ya wuni yana nema cikin rana, ya sayi forfe, ya bar wayar a caji a shagona ta kwana tana saukewa. Da safe ya buɗe, gem ya ce sai an ƙara sauke wani kaya. Ya ƙara sayen mega. Da ya samu ya shiga, wayar ta ɗauki zafi kamar an ciro ta daga murhun mai shayi, hoto na ta tsalle, kafin ya juya an harbe shi. Ya ce mini, "Maigida, wallahi mutumin nan maƙaryaci ne." Na karɓi wayar na duba ƙasan bidiyon, ashe shekararsa biyu da ɗorawa. Mai sharhin bai yi ƙarya ba. Abin da ya yaba a wancan lokaci ɗan ƙarami ne, mara nauyi. Tun daga nan an yi ta lafta masa sababbin taswirori da tufafi da motoci, har ya fi ƙarfin irin wayar yaron. Suna ne kaɗai bai sake ba.

Na biyu ni ya ritsa da ni, kuma shi a juye yake. Na ga sharhin wani wasan tseren mota, mutum biyu suna fafatawa a tele guda, an raba allo biyu. Ga mai shago irina wannan shi ne abin nema, don yaro ba ya biyan kuɗi ya yi tsere da na'ura, abokinsa yake so ya kayar a yi masa dariya. Na ba wani ɗan kasuwa da ke shiga Kano saƙo, ya zo mini da faifan. Na saka, na duba sama, na duba ƙasa, babu wurin mutum biyu. Sai daga baya na gane an ƙara shi ne cikin wata sabuntawa, abin da yaranmu ke kira mizajur, watanni bayan fitar wasan. Abin da ke cikin faifai shi ne wasan ranar farko. In ina son wancan da na gani, sai na haɗa na'urar da intanet na sauke giga masu yawa, ni kuwa na'urorina ba su taɓa ganin intanet ba tun da na saye su. Faifan yana nan cikin akwati, ƙura na hawansa.

Shi yaron ya sami gem da ya wuce sharhin, ni na sami wanda sharhin ya wuce. Dukanmu abu ɗaya ya cuce mu: ba a faɗa mana gem ɗin wace rana ake magana a kai ba.

A kasuwa ba a haka. Idan wani ya ce maka tiyar gero dala kaza ce, kafin ya rufe baki za ka tambaye shi, a wace kasuwa, kuma yaushe? Farashin kaka daban, na tsakiyar damina daban. Na Tibiri daban, na babbar kasuwar Maraɗi daban. Wanda ya ba ka farashi babu rana babu wuri, ko mantuwa ya yi ko yana son ya shigar da kai. A zamanin PlayStation 2 ba mu da wannan damuwa a gem. Abin da aka buga a faifai shi ke nan har faifan ya karce, kamar littafi, makin da aka ba shi bara yana nan daram bana. Yanzu gem ya koma kamar gero, kullum yana motsi, ku kuwa kuna ba shi maki kamar littafi.

Kuma ba ku kaɗai abin ya dama wa lissafi ba. Manyan masu sharhi na Turai da Amurka, da ke da albashi da intanet mai gudu kamar ruwan famfo, sun fi shekara goma suna wannan gardama.

Ku ɗauki No Man's Sky, wasan yawo a sararin samaniya na wani ƙaramin kamfani mai suna Hello Games a Ingila. Ya fito a Agusta 2016 bayan alkawura masu yawa, mutane suka shiga suka tarar da abubuwa da dama babu su, har da haɗuwa da wani ɗan wasa a cikin sararin. Aka yi musu ca. Kamfanin ya yi shiru ya koma aiki, ya riƙa sakin gyare-gyare kyauta, a Yuli 2018 ya saki babbar sabuntawar da ta kawo wasan haɗin gwiwa sosai, kuma bai tsaya ba. Yau masu buga shi yabonsa suke. Amma a Metacritic, dandalin da ke tara makin 'yan jarida ya fitar da matsakaici, na PS4 yana nan a 71 bisa 100, don ƙa'idarsu ita ce makin farko da jarida ta bayar shi suke riƙewa. Wanda ya duba can yau, labarin 2016 yake karantawa.

Wanda ya fi shafar mu shi ne Cyberpunk 2077, na CD Projekt a Poland. Ya fito ranar 10 ga Disamba 2020. Kafin fitarsa, na kwamfuta kaɗai aka ba masu sharhi, suka yaba. Da mutane suka saka shi a PS4 sai ga tangarɗa iri-iri, har Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet cikin kusan mako guda, aka mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yuni 2021. Yanzu ko'ina ka juya cewa ake an gyara shi, ya zama gwani. Gaskiya ne. Sai dai babban gyaran da ake nufi, siga ta 2.0 ta Satumba 2023, da ƙarin labarin da ya zo tare da ita, a kwamfuta da PS5 da sababbin Xbox suka tsaya, ba su sauka PS4 ba. To mu a nan wace na'ura ta fi yawa a shaguna? Idan ɗayanku ya tsaya gaban kamara ya ce "Cyberpunk ya gyaru, ku saya" ya yi shiru daga nan, ya faɗi gaskiyar mai PS5, ya kuma tura mai PS4 rami.

Waɗannan su ne suka fara da muni suka gyaru. Akwai masu bin hanyar a juye, kuma su suka fi ba ni tsoro. Crash Team Racing Nitro-Fueled, wasan tsere na yara, ya fito a Yuni 2019 babu sayen komai da kuɗin gaske a cikinsa. Aka yi sharhi, aka ba da maki masu kyau. A Agusta sai aka buɗe hanyar sayen kuɗin cikin wasa da kuɗin aljihu. Gran Turismo 7 ya fito ranar 4 ga Maris 2022 da yabo mai yawa. Cikin watan nan aka saki sabuntawar da ta rage ladan da ake samu a wasu tsere, ga motoci da tsada, ga kuma hanyar saye da kuɗi a buɗe. A daidai lokacin uwar garken wasan, wato babbar kwamfutar kamfanin da 'yan wasa ke haɗuwa da ita ta intanet, ta tsaya fiye da kwana guda, kuma da yake yawancinsa ba ya tafiya sai da intanet, har mai buga shi shi kaɗai a ɗakinsa ya zauna zugum. Shugaban masu ƙera shi, Kazunori Yamauchi, ya ba da haƙuri, aka raba wa 'yan wasa miliyan guda na kuɗin cikin wasa. Amma makin da aka buga a makon farko yana nan a manne kamar ba abin da ya faru. Akwai ma wanda ya ɓace ɗungurungum: The Crew na Ubisoft, da ya fito a 2014, an kashe uwar garkensa a ƙarshen Maris 2024, mai faifai a hannu ma ba ya iya buga shi. Abin da ya tayar da gangamin neman a hana kashe gem irin haka da ya tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025 ke nan. Wane maki za a ba wasan da babu shi?

Wannan batu na kuɗi, ina roƙonku kada ku ɗauke shi da wasa. Iyaye na zuwa shagona su tambaye ni ko gem kaza ya dace da yaro. Wani lokaci da bidiyonku nake ba su amsa. Idan bayan sharhinku an shigo da akwatin sa'a, wanda yaro zai biya bai san me zai fito masa ba, to maganar ta tashi daga nishaɗi. Hukumar kula da caca ta Beljiyam tun 2018 ta ce irin wannan caca ce, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan ƙwallonsa na FIFA a ƙasar a farkon 2019. Mu da malamanmu ke wa'azi kan caca safe da yamma, bai kamata a ce Beljiyam ta riga mu lura ba. Duk ranar da aka ƙara irin wannan a gem da kuka taɓa yabawa, bashi ya hau kanku na ku dawo ku faɗa.

Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Wani zai ce to shi ke nan, a daina ba da maki sai gem ya gama zama. Ban yarda ba. Wasu ba sa gama zama har su mutu. Free Fire tun 2017 ake sake masa fasali bayan 'yan watanni, PUBG Mobile tun 2018. Sannan kamfani ba ya jira. Ranar farko yake karɓar kuɗi cif, don haka ranar farko ya cancanci a auna shi. Abin da ya sayar a ranar shi za a duba. Jerin alkawuran "za mu ƙara kaza a wata mai zuwa" kuwa cinikin biri a sama ne, kada ya sami ko rabin maki a wurinku.

Ban kuma yarda da masu goge tsohon maki su rubuta sabo a gurbinsa ba. Apple tun 2017 ya ba masu manhaja damar share taurarin makin da jama'a suka ba su su fara daga sifili idan sun saki sabuwar siga. Wannan wanke laifi ne da sabulu. Wanda ya biya kuɗinsa ranar farko ya sha wahala, ina za a rubuta tasa? Kuma idan kamfanoni suka ga ana mantawa, gobe ma ɗanye za su kawo kasuwa su ce a dafa a gida. Jaridar Polygon ta gwada wata hanya da SimCity, wasan gina birni, a Maris 2013: ta ba shi 9.5, da uwar garke ta kasa ɗaukar jama'a ta sauke shi zuwa 8, sannan 4, daga baya ta ɗaga shi zuwa 6.5, kowane da bayaninsa. An yi mata dariya a lokacin, wai ba ta da tsayayyar magana. Ni a ganina ta fi Metacritic gaskiya, wanda ya riƙe 9.5 ɗin nan alhali mutane ko shiga wasan ba sa iya yi. Wanda ya fi kusa da abin da nake so shi ne Steam, kasuwar gem ta kwamfuta. Tun 2016 layi biyu yake nunawa, ra'ayin masu saye gaba ɗaya da kuma na kwana 30 da suka wuce, ga kuma awoyin da mai sharhi ya yi yana bugawa kafin ya yi magana. Da kallo ɗaya za ka san ko abu hawa yake ko gangara. Google Play kuwa tun 2019 ya fi ba sababbin taurari nauyi, amma a cikin lamba guda yake cuɗe su, ba ka ganin jiya balle ka kwatanta ta da yau.

Abin da nake nema a wurinku bai kai wannan wahala ba. Ku buɗe baki da rana, wata da shekara, a cikin bidiyon kansa, don idan aka yanko shi aka yi ta tura shi a WhatsApp ranar da ke ƙasa ba ta biyo shi. Ku faɗi lambar siga, tana nan a kusurwar allo ko cikin saituna. Ku ɗaga wayar ko na'urar da kuka buga da ita a gani. Wanda ya gwada gem a waya mai ƙwaƙwalwa giga takwas ba shi da hurumin yi wa mai giga biyu alkawarin sumul. Sannan tambayoyin da Bature ba zai yi ba don ba su dame shi ba, ku ku yi mana su: giga nawa za a sauke ranar farko, nawa kuma kowace sabuntawa ke ci? Idan rezo ya tafi, me ya rage a wasan? Abin da ke cikin faifai kaɗai, ba tare da an sauke komai ba, yana buguwa? Da ɗayanku ya gwada faifan kaɗai babu intanet na minti goma kafin ya yi sharhin wancan wasan tsere, da kuɗina suna aljihuna.

Idan kuma abu ya sake, ku dawo. Ba sai kun yi sabon bidiyo na minti ashirin ba. Na san data ba kyauta kuke samu ba, kuma yawancinku ba abin da YouTube ke ba ku. Minti ɗaya ya isa: "A watan kaza na ba shi takwas, yau shida nake ba shi, ga dalili." Tsohon ya zauna inda yake, sabon ya zo ƙarƙashinsa da ranarsa. Ba kowane ɗan gyara ne ya kai a dawo dominsa ba. Amma idan an taɓa kuɗi, ko nauyin wasan, ko an cire wani sashe, ko an sake yadda ake bugawa har hannu ya ji, to kiɗa ya canza.

Maganar hannu ta kawo ni ga ƙwallo, wadda ita ce abincin shagona. Ku tuna eFootball 2022, da Konami ya saki ranar 30 ga Satumba 2021 a madadin PES. Kulob tara kacal ake iya zaɓa, fuskokin Messi da Ronaldo suka zama abin barkwanci a duniya, ya faɗa sahun mafi ƙarancin yabo a tarihin Steam, kamfanin ya fito ya nemi afuwa. Sai 14 ga Afrilu 2022 aka saki sigar da suka kira 1.0.0, wato su da kansu sun yarda na baya bai kai ɗaya ba. Daga nan ya yi ta gyaruwa, yau ga shi a wayoyin samari ko'ina. Wanda ya tsaya a sharhin makon farko zai rantse wasan banza ne. A ɓangaren FIFA, da ya koma EA Sports FC a 2023, wasan da aka saya a Satumba ba shi ne na Janairu ba. Yaran da ke da shi a gida suna zuwa su riƙe manet a wurina su ce, "Maigida, naka ƙwallonsa ta fi sauƙi, namu tun mizajur ɗin nan gola ya zama bango." Ba sa karanta takardar gyare-gyare, yatsunsu ne ke gaya musu. Ku riƙa tambayar irin waɗannan yara kafin ku yanke hukunci. Wanda ya buga wasa ɗari uku ya san abin da wanda ya buga goma bai sani ba.

Akwai kuma wani nau'in canji da ban taɓa jin ɗayanku ya ambata ba, alhali shi ya cika shagunanmu daga nan har Katsina. PES na ƙarshe da kamfani ya yi wa PlayStation 2 shi ne na 2014, na PS3 kuma na 2018. Amma ku shiga kowace rumfar gem za ku ga an rubuta shekarar bana a allo, ga 'yan wasan bana sanye da rigunan bana. Masu gyara ne suka ɗauki tsohon wasa suka sake masa riga, ana yawo da shi a kile, wato filash, daga shago zuwa shago. Wani gyaran ya yi kyau, wani yana sandarewa ana tsakiyar wasa a tashi da rigima kan wa zai biya. Suna ɗaya, kaya daban-daban. Idan za ku yi sharhin irin wannan, kuma ya kamata ku yi don shi talaka ke bugawa, ku faɗa ƙarara cewa gyararre ne, a kan wane tsohon wasa aka gina shi, kuma a ina kuka samo naku.

Wanda duk hanya ta biyo da shi Maraɗi a cikinku, ya tambayi 'yan kabu-kabu masu son ƙwallo, za su kawo shi. Akwai PS4 biyu da ba su san intanet ba, akwai PS3, akwai tsohuwar PS2 da har yanzu ke da masoyanta, ga yara da wayoyi iri-iri waɗanda ba sa jin kunyar faɗin gaskiya. Ya zo da gem ɗin da ya ba tara bisa goma mu saka a nan, ya ɗauki bidiyon abin da ya gani. Ba zan karɓi ko dala ba, shayi ma ni zan dafa. Sai dai ya zo da yamma kafin magariba, don in kuran ya tafi ba ni da tabbas a kan grup ɗin nan.

Wassalam.

Yayanku,
mai shagon gem a Maraɗi